Talatar Muhannad

Gadir da Ummanta suna kicin suna naɗe shinkafa a ganyen inabi, sai Yaya Nidal ya banko ƙofa ko sallama babu.

"Umma, a dakatar da komai! Muhannad ɗin nan da danginsa za su zo neman auren Gadir ran Juma'a, coci yake zuwa!"

"Innalillahi! Coci?"

"Baba ya ce in binciko halinsa, na kuwa binciko. Ran Talata da la'asar na bi shi har unguwar Luwaibda, da idona na ga ya shige cocin ta ƙofar baya."

Gadir ba ta ko ɗago kai ba. "Sannu da aiki, ɗan sandan ciki. Da ka tambaye ni ai da ka huta. Ni na nemo masa wurin."

"Ke?"

"Ni. Ba ibada ke kai shi ba. Ɗaki ne a ƙasan ginin ake ba su aro, Musulmi da Kirista, su zauna kowa ya faɗi abin da ke cinsa, su riƙe juna kada wani ya koma wa giya. Zaman ƙasar waje ne ya koya masa sha. Bai ɓoye mini ba, ni kuma na yi ta buge-bugen waya har na samo masa su. Tun bara bai ƙara kurɓa ba."

Umma ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni! Yanzu wanne zan yi wa kuka, cocin ko giyar?"

Da maganar ta kai kunnen Baba, abu ɗaya kawai ya ce: "Su zo."

Ran Juma'a falo ya cika da maza. Aka zuba gahawa a finjali aka miƙa wa baffan Muhannad, ya ajiye gabansa bai taɓa ba, don ba a sha sai an amsa buƙatar da ta kawo mutum. Gadir tana laɓe bayan ƙofa.

"Na ba ku," in ji Baba, "amma da sharaɗi. Abin da ya wuce ya wuce, mun rufa. Sai dai surukina ba zai ƙara taka wurin can ba. Ba zan zama abin nuni a unguwa ba."

"An gama, Abu Nidal!" in ji baffan ga Baba, ya kai hannu ga finjali.

"Dakata, Baffa." Muhannad ne ya miƙe. "Baba, ka gafarce ni. Zan iya cewa to yanzu, a sha, a watse. Amma na san kaina. Ranar da na daina zuwa, mashayi zan kawo wa 'yarka."

"Zauna, ka kunyata mu!" baffansa ya daka masa tsawa.

Gadir ba ta san lokacin da ta tura ƙofar ba. Mace a tsakiyar taron maza! Nidal ya zabura. "Ke! Koma ciki!"

"Zan koma, Yaya." Hawaye na zuba, amma idonta na kan mahaifinta. "Baba, da ya amsa sharaɗin nan, wallahi ni ce zan ce ba na so. Gara unguwa ta yi ta nuna ni da in riƙa ɗauko mijina a bakin titi."

Baba ya juya mata baya. Baƙi suka tashi suka bar gahawa ta huce a finjali, abin da kwana ɗaya bai yi ba sai da ya zaga dangi kaf.

Gwaggonni suka yi ta sintirin kawo mata wasu manema, wannan da hoton injiniya, waccan da na likita. Gadir ta ba su shayi, ta raka su bakin ƙofa. Nidal kuwa ya rantse sai ya kama Muhannad da kwalba. Kowace Talata yana bayansa a mota, rani ya wuce, sanyi ya shigo, wanda a ƙasarsu shi ne lokacin damina, ruwa na tsuga. Shi kuwa Muhannad daga aiki sai ɗakin nan, daga ɗakin sai gida.

Wata rana ana cin abincin rana Nidal ya ajiye cokali.

"Baba, na gaji. Mutumin nan ko lemo da ƙyar yake sha. Shekaranjiya tayata ta fashe a ƙofar cocin, shi ya fito cikin ruwa ya canza mini. Har cewa ya yi, 'Mako mai zuwa ka shigo ciki, Yaya, waje da sanyi.' Ashe tun farko yana ganina!"

Gadir ta ƙyalƙyale da dariya har da hawaye. Baba ya dube ta.

"Taurin kan nan naki, a wurin wa kika gado shi?"

"Kai ma ka tambaya!" in ji Umma.

Baba ya share baki. "Nidal, kira baffansa. Ka ce su dawo, babu sharaɗi."

Aka ɗaura aure da bazara. Haƙuri ya biya Gadir, gaskiya ta biya Muhannad. Jama'a, mai neman magani ba shi ne abin kunya ba. Abin kunya shi ne dangin da suka fi son a mutu da ciwo a ɓoye da a gan su a ƙofar mai magani.