Ɗinki Biyar a Ƙarƙashin Riga

"Ajiye makullin nan, don girman Allah!" Ta tare wa mijinta ƙofar falo.

Kwana tara ke nan da aka yi masa tiyatar rage ƙiba. Likita ya hana shi taɓa sitiyari, balle tafiyar awa shida. Tun yana yaro 'yan gidansu ke kiransa Tulu, shi ya sa ya rantsar da ita kada kowa ya ji. Ta kama bakinta, laifi kuma ya yi ta hawa kanta.

"Ba ki ji Mama a waya ba? Wai kin mallake ni, wata uku ba ta sa ni a ido ba. In ban je yau ba, cewa ta yi in sallame ki!"

Ba ta iya mota ba, kuma ta san taurin kansa. Sai ta ɗauki filo da gorar ruwa ta shige gaban motar.

Tafiya ta zama azaba. Ta cusa filon tsakanin bel ɗin kujera da cikinsa. Duk awa ɗaya sai ta sa ya sauka ya taka, kada jini ya daskare masa a ƙafa, tana ba shi ruwa a murfin gora. Kowane rami suka faɗa sai ya cije leɓe. Sai da suka ci awa tara.

Da suka isa, Mama ko gaisuwarta ba ta amsa ba. Ta dire wa ɗanta kwano shaƙe da abinci. Ya kurɓi romo cokali biyu, ya ture.

"Har girkina ta hana ka ci? Dubi yadda ta ƙarar da kai!"

Matar ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga. Magana ɗaya za ta wanke ta, amma ta riga ta rantse.

Kunya ta kama shi. Ya ɗaga rigarsa. Ɗinki biyar, filastar ɗaya ta jiƙe sharkaf da jini.

"Aiki aka yi mini, Mama. Ni na ɓoye. Ita ke jinyata, ku kuna zaginta."

"Innalillahi! A haka ka tuƙo? Da ka mutu a hanya, ai ni na kira ka!" Ta juya wajen surukarta. "'Yata, yafe mini. Kama shi mu tafi asibiti."

Sati uku suka yi a gidan kafin ya warke, Mama da kanta take kai wa surukarta abinci. Namijin da ya ɓoye wa iyayensa ciwonsa, matarsa yake bari tana shan zargi. Ita kam haƙurinta ne ya wanke ta.