Bakin Koci

"Ba za ki je ba," in ji Yaya. "Matar aure a bakin fili tana ihu cikin garada? Ina mutuncin gidanmu?"

"Yaya, mijina ne fa..."

"Mijinki ya zauna a gida ya yi jinya."

Yaya ne ya riƙe ni tun rasuwar Baba, ban taɓa yi masa musu ba.

Mijina tsaron raga ya yi duk ƙuruciyarsa, har gwiwa ta ƙi, ya koma koci. Da ciwon maƙogwaro ya kama shi aka yi masa aiki, muryar ta tafi, sai raɗa. Masu kulob suka ce in 'yan wasa ba sa jinsa, za su nemo wani. Ranar na same shi a ɗaki yana shafa tsohuwar safar hannunsa yana hawaye.

Ko mataimakinsa ba ya gane raɗar. Ni kaɗai ke ganewa.

Duk da hanin Yaya, na yafa mayafina na bi mijina fili.

Ban san komai a ƙwallo ba. Shi zai jawo hannun rigata, in sunkuya, ya raɗa, in miƙe in kwarara wa 'yan wasa.

"Ya ce mai dogon wuyan nan ya koma baya!"

Yaron ya juyo yana dariya. "Anti, lamba biyar ake cewa."

"Ni wuyanka nake gani, ba lamba ba."

Haka muka yi ta yi, aikin bai kuɓuce masa ba. Amma Yaya ya daina ɗaga wayata, ko na je gaishe shi sai a ce ba ya nan. Ina kuka a kicin, ba na bari mijina ya gani.

Wasan ƙarshe na kakar, ya rame sosai, a kujera aka zaunar da shi. Can bayan shinge na hango Yaya tsaye, fuska a ɗaure.

Mijina ya ja rigata. Na sunkuya, na miƙe, bakina ya riga hankalina kamar kullum.

"Ya ce ki yafe min, hasken idona, na raba ki da ɗan'uwanki..."

Sai da ta fita na ji abin da na faɗa. Mutanen kusa suka juyo suna kallona. Na rufe fuska da mayafi.

Da aka tashi ya kasa miƙewa. Kafin yaran su iso, Yaya ya zagayo ya ɗauke shi cak.

"Koci, babu abin yafewa," ya ce. "Ƙanwata, buɗe mana mota."

A asibiti mijina ya cika, hannunsa ɗaya a nawa, ɗaya a na Yaya. Na sunkuya na kai kunnena bakinsa, na daɗe ina jira.

Bai ƙara cewa komai ba.