Memorin Gwaggo Kulu

Da hantsi aka kawo wa Sufeto Ashafa rahoton sata a unguwar Sheshe. Mai ƙarar, wata dattijuwa Gwaggo Kulu, ta aiko cewa ba za ta taka caji ofis ba, hukuma ta zo ta same ta.

Ashafa ba ɗan birni ba ne, aiki ne ya kawo shi Kano, kuma lungunan cikin ganuwa sun sha ba shi kashi. Sabis ɗin waya yakan ɗauke a cikinsu, don haka tuni ya sauke taswirar da ke aiki ba data. Sai da ya goge hotunan bikin ƙanwar matarsa kafin ta samu wuri, maganar da har yau ba ta mutu a gidansa ba. Taswirar ce ta kai shi ƙofar gidan Gwaggo.

Ya tarar da Gwaggo a tsakar gida, idanu jawur, da 'yar ƙaramar waya a tafin hannu.

"Gwaggo, me aka sace?"

"Malam aka sace, ɗan nan."

"Wane malam?"

"Mijina, Malam Usaini. Shekararsa uku da rasuwa."

Sufeto ya mai da bironsa aljihu a hankali. Da ƙyar ya gano zancen: katin memorin wayar aka zare. A ciki akwai muryar marigayin, wadda aka ɗauka bisa kuskure wata rana yana mitar gishirin miya. Ba a ajiye ta a ko'ina ba sai nan, kuma kullum da safe Gwaggo sai ta kunna kafin ta karya. Yau ta danna, shiru.

Dariyar da ta taso wa Ashafa ta koma, tausayi ya kama shi. Ya san halin memori: in ya shiga sabuwar waya, sau da yawa takan nemi a share shi.

Ya karɓi wayar ya juya ta, sai ga shuɗin shatin yatsa a murfin baya.

"Su wa suka shigo jiya?"

"Nata'ala marini, ɗan ƙanina. Sai Ɗalha, shi ma ɗa ne, a gidan nan yake. Amma shi tun asuba ya fita duba hanya."

"Wace hanya?"

"Gobe shi zai ja mata masu kai lefen jikana Mikail zuwa Dukawuya. Wai babu lungun da bai sani ba."

Ta faɗi "wai" ɗin da nauyi, Sufeto kuwa ya ji.

A Ƙofar Mata ya iske Nata'ala durƙushe a bakin karofi, hannuwansa shuɗi har gwiwa.

"Ka je gidan Gwaggo jiya?"

Nata'ala ya waiga ya dubi abokan aikinsa, ya ɗaga murya. "Ni? Jiya azumi nake, yallaɓai. Ban motsa daga nan ba."

"Ita ta ce ka je."

Marinin ya ja shi gefe, ya koma raɗa. "Ka rufa min asiri. Na je. Dambu take yi ran Litinin, ni kuma na riga na yi wa mutanen nan shelar azumi. Amma wallahi kwano kawai na taɓa."

"Shunin da ke jikin wayarta fa?"

"Ai kowa ya taɓa ɗanyen rini sai ya kwasa. Ko Ɗalha da ya karɓi zanen lefe shekaranjiya, har yanzu yatsunsa ba su koma ba."

"Da gaske ya san hanya, Ɗalhan nan?"

Nata'ala ya ƙyalƙyale har ya kusa faɗawa rami. "A Kaduna ya tashi! Amma kakansa ya yi mai unguwa, saboda haka gara ya mutu da ya tambayi hanya a cikin birni. Bara shi ya ja mu gaisuwar mutuwa, ya kai mu gidan suna. Muka jeru a zaure muna 'Allah ya ji ƙansa,' uban jariri ya ɗauko taɓarya. Amma ɗazu ya wuce ta nan yana tafe kamar shi ya gina ganuwa."

Bayan la'asar Ashafa ya koma Sheshe. Ɗalha na zaune a dakali cikin farar shadda, hula ta sha kari, hannun dama cikin aljihu.

"Malam Ɗalha, an ce kai ne masanin lunguna."

"Yallaɓai, a rufe min ido in kai ka ko'ina. Gado ne."

"Madalla. Ni baƙo ne. Raka ni Dukawuya."

Suka kama hanya. Ɗalha na gaba yana ba da tarihin kowane soro, amma duk inda hanya ta rabu sai ya yi tari, ya leƙa aljihu, sannan ya zaɓa. Sufeto ya bar shi har suka shiga wani matsattsen lungu mai dogayen katangu, inda ya san ko gaisuwa ba ta fita ta waya.

"Ba ni hannu in tsallake kwatar nan," in ji shi.

Ɗalha ya zaro hannu, ga yatsu shuɗaye. Garin zarowa ya danne wani abu, sai wata mata ta yi magana da Turanci daga cikin aljihunsa, tana cewa a juya hagu.

Sufeto ya nuna aljihun.

"Wace ce?"

"Matata ce ta kira."

"Da Turanci?"

"Tana makarantar yamma."

"A nan ko kira ba ya shiga, Malam Ɗalha. Kawo wayar."

Ashafa ya buɗe manhajar ya shiga saitinta. Ma'ajin wayar cike yake maƙil da hotunan Ɗalha cikin huluna iri-iri. Wurin ajiyar taswira kuwa an karkatar da shi zuwa katin memori.

"A ina ka samo katin?"

"Saya na yi."

"To bari mu ji abin da ka sayo."

Sufeto ya buɗe katin. Ga jakar taswirar Kano, ƙatuwa. A ƙasanta ga wani ɗan fayil guda. Ya danna.

"Kulu! Wannan miya ce ko kasuwar gishiri?"

Muryar tsoho ta cika lungun. Ɗalha ya zame ya tsuguna a gefen kwata, shadda ko oho.

"Ni ne, yallaɓai. Na zo sauke taswira, waya ta ce ba wuri. In na je kasuwa sayen memori za a tambaye ni na mene ne, kafin magariba duk Sheshe ta ji. Na ce in ari na Gwaggo zuwa jibi. Da na saka, wayar ta tambaye ni ko in share shi. Na ɗora yatsa, na kasa. Malam ne ya yi min huɗuba da aka haife ni."

"Da ka goge hulunanka ai da ta samu wuri."

Ɗalha ya ɗago da mamaki. Da alama wannan bai taɓa zo masa ba.

Suka koma gida. Sufeto da kansa ya mai da katin ƙarƙashin batirin wayar Gwaggo ya miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ba ta kunna ba tukuna.

"Na yafe masa," ta ce. "Amma a tafi da shi ya ga ofis."

"Dole ya rubuta bayani," in ji Ashafa. Ya jefa wayar Ɗalha a aljihu a matsayin shaida, tasa ma ya kashe ta. "Wuce gaba, Malam Ɗalha. Kai za ka kai mu."

Ba su yi nisa ba hanya ta rabu biyu, daidai bayan katangar Gwaggo. Ɗalha ya dubi dama, ya dubi hagu, ya yi tari, babu aljihun leƙawa. Dattawa na zaune kan tabarma a ƙofar wani zaure, duk sun zuba masa ido. Zufa ta jiƙa karin hular.

Ya rusuna. "Baba, don Allah, ina hanyar titi?"

Dattijon ya gyara zama, ya sa hannu a kunne. "Jikan mai unguwa, ƙara faɗa, ban ji ba."

Kafin ya maimaita, muryar Malam Usaini ta tsallako katanga tana faɗan gishiri. Sai ga ta Gwaggo a bayanta, rabi kuka rabi dariya.

"To Malam, sannu da dawowa. Gobe zan rage."