Murfin da Ya Gaza Taƙi Guda

Ku matso kusa. Ke Hansai, ci gaba da dariyarki, wallahi kafin in gama sai kin nemi mai raka ki banɗaki. Kowa ya yi bisimilla.

Kun san Kawu Sallau mai ɗinkin kujeru, wanda ba ya tuɓe riga a gaban mutane ko ana zafin bazara? To akwai dalili.

Lokacin yana zaune a Jos ne. Akwai wani gidan saukar baƙi a bayan gari, gindin duwatsu. A lambun gidan, ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya, suna da kwamin wanka na ruwan zafi. Ba irin bahon gidanmu ba fa, Gambo. Ƙato ne, mutum shida sai su zauna ciki, inji na dumama ruwan dare da rana. Yana da murfi na soso mai kauri, an lulluɓe shi da leda, ninki biyu, da maɗauri huɗu. Murfin ne ke riƙe zafin.

Murfin nan ya tsufa. Leda ta tsattsage, soso ya sha ruwa ya yi nauyi kamar buhun siminti, ga wari. Manajan gidan ya kira Kawu Sallau ya ɗinka sabo.

Ƙa'idar aikin, kwamin ake aunawa. Amma ranar Kawu ya manto abin awonsa a shago, ga gaggawa. Ya ce ai ga tsohon murfi, a kansa zai yanka. Aka ɗora masa shi a mota.

Wani tsoho mai ban ruwan lambu ya tare shi a bakin ƙofa.

"Malam, kada kwamin nan ya kai magariba a buɗe."

"Haba Baba, gobe war haka kun sami sabo dal."

Tsohon ya koma ban ruwansa. Shi kuwa manaja, ganin sanyin Jos na shanye zafin ruwan, sai ya murɗa injin har ƙarshe. Ruwa ya kwana yana turiri.

Washegari, ana idar da la'asar, Kawu na shago shi kaɗai, saura gefe ɗaya ya gama. Sai hasken ƙofa ya ragu.

Wata mata ce tsaye, doguwa, da goyo. Zaninta na jan ƙasa. Ba ta yi sallama ba.

"Kai ka ɗauke murfin?"

A gabansa take, amma muryar daga bayan kunnensa ta fito. Kawu ya waiwaya. Bango ne kawai.

"Ni ne, baiwar Allah. Daga gidan baƙin kike?"

"Mun riga gidan zama a wurin."

Ya sunkuyar da kai. Sawunta jiƙaƙƙe ne a kan siminti, yana ɗan hayaƙi. Kuma yatsun sawun ƙofa suke kallo, kamar fita ta yi, alhali shigowa ta yi.

"Yarana a kan murfin suke wasa da magariba," in ji ta. "Suna son ɗumin. Daga reshe suke dirowa. Jiya ƙaramin ya diro, yadda ya saba."

Ta ɗan juya. Wata siririyar ƙafa ta leƙo daga cikin goyon. Ƙafar hagu. Duk ta saɓule.

"Wallahi ban sani ba," in ji Kawu.

"An gaya maka."

Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa Tabawa ce, kuka take.

"Malam, ka zo! Ladiyo ce. Tana barci ta farka da ihu, ƙafarta ta tashi kamar an zuba mata tafasasshen ruwa. Ko wuta ban hura ba!"

"Wace ƙafar?"

"Ta hagu."

Ladiyo shekararta huɗu, ita kaɗai Allah ya ba su.

"Saura uku gare ni," in ji matar. "Ba sa jin magana. In an kira magariba za su diro. Duk abin da ya same su, 'yarka ce za ta ɗauka."

Ya ɗago zai roƙe ta. Ba kowa. Sawun kawai, yana bushewa.

Ya faɗa kan keken ɗinki. Ɗinki bai yi kamu ɗaya ba aka ɗauke wuta. Kai, wannan rana! Ya jawo basilla da zare, ya shiga yi da hannu. Basilla ta soke shi ya fi sau goma, bai ji ba. Ya kira manaja ya ce a kashe injin, don Allah. Manaja ya kashe, amma ya ce ruwa mai yawa haka ba zai huce ba sai da safe. Ko a zubar?

"A'a! Kada ku kwarara ruwan zafi a gindin tsamiyar nan!"

Rana ta yi ja sanda ya ɗaure zaren ƙarshe. Ya tare mai keke napep, suka ɗaure murfi a sama. Duk hanya Kawu na dukan kafaɗarsa, yi sauri, yi sauri.

Lambun shiru. Ko tsuntsu ɗaya babu a tsamiyar. Tsohon mai ban ruwa na tsaye can nesa, ya ƙi matsowa. Babu iska, amma wani reshe da ke daidai saman kwamin yana lilo a hankali.

Kawu ya ja murfi shi kaɗai, ya ɗora, ya buɗe ninkin. Ya ɗaure maɗauri na ɗaya. Na biyu. Ya zagaya ɗaya gefen.

Innalillahi. Murfi bai kai ba.

Ashe tsohon murfin, shekara da shekaru rana na dukansa, ya takure. A kansa kuwa ya yanka sabon. Ga giɓi nan taƙi guda, tun daga wannan kusurwa har waccan, turiri na fita ta ciki.

Daga masallacin ƙauyen da ke ƙasa, ladan ya gyara murya.

Kawu ya duba dama, ya duba hagu. Ba katako, ba kwano. Ya ja murfin, giɓi ya koma ɗaya gefen. Sama da kansa ya ji 'yar dariya. Ta yara.

"Allahu akbar..."

Ya tuna ƙafar Ladiyo. Sai ya yi bisimilla, ya kwanta rub da ciki a kan giɓin, tsawonsa duka, ya toshe shi da jikinsa.

Zafin ya ratsa rigarsa nan take. Ya cije leɓe.

Dif. Wani abu ya faɗo kan murfin. Dif. Dif.

Ƙananan ƙafafu suka fara guje-guje. Suka zagaya. Suka hau bayansa. Sanyi ƙalau, kamar ƙanƙara. Gaba wuta, baya ƙanƙara. Ɗaya ya tsaya daidai tsakanin kafaɗunsa yana tsalle. Kawu bai motsa ba. Hawaye na ɗiga cikin ruwan, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Bai san tsawon lokacin ba. Ya dai ji an tada salla, ya ji an yi sallama.

Sannan muryar nan ta zo, a bayan kunnensa.

"Ya isa. Kai ka ɗauke wa 'yarka."

Reshe ya daina lilo.

Tsohon ne ya janye shi, fatar ƙirjinsa ta manne da riga. A hanyar asibiti Tabawa ta kira. Wai Ladiyo ta tashi tana neman tuwo, ƙafarta sumul, ko tabo babu.

Shi kuwa wata biyu ya yi yana jinya. Da ya warke, da kansa ya koma da rana tsaka, ya auna kwamin sau uku, ya ɗinka wani murfin har da rarar yatsu huɗu.

Tabon ƙunar na nan a ƙirjinsa. A bayansa kuma akwai sawun ƙananan ƙafafu, farare, yatsunsu na kallon baya. Goggo Tabawa ta ce har yau in ta taɓa wurin, sanyi ƙalau yake.

Saboda haka in magariba ta kawo kai, kada wanda ya bar ruwan zafi a buɗe, kada wanda ya watsar da shi ba bisimilla. Ba mu kaɗai ke da yara a gidan nan ba.

Hansai, ke kika sauke tukunyar ruwan wanka ɗazu. Kin rufe ta kuwa?