Yaɓen Rumbun Nafi'u

"Baba, ƙasa ma ana satar ta?"

Najiba ce, 'yar shekara shida, ta jefo tambayar, don ta ji abin da baƙuwa ta faɗa a zaure. Mahaifinta, Sufeto Kailu, ya ajiye ludayin kununsa.

Baƙuwar ita ce Madam Husaina, shugabar aikin share tsohuwar ma'ajiyar maganin fara da ke bayan garin Filingue. Shekaru maganin ya yi yana tsiyaya cikin ƙasa. Yanzu an kankare ta an tara, an rufe da tamfal, ana jiran motar da za ta kwashe, kafin a ba mata filin su yi lambu.

"An ɗebi cikin amalanke guda," in ji ta. "Sufeto, guba ce. Yaro ya taɓa ya kai baki, shi ke nan."

A filin, mai gadi ya rantse ko akuya ba ta shiga ba.

"To akuya ce ta bar wannan?" Kailu ya nuna masa sawun amalanken jaki, taya ɗaya da faci.

"Na je sallar Juma'a, ranka shi daɗe."

Kailu ya tsuguna. Gara ta cinye shingen kewaye kaf, amma turakun da ke jikin tarin ko ɗaya ba ta taɓa ba.

A asibiti, ma'aikaciyar jinya ta ce tun asuba aka kawo wata jaririya, Muna, tana amai, miyau na zuba.

"Ɗiyar wa?"

"Nafi'u mai amalanke."

Ya sami Nafi'u a gida, rumbunsa na ƙyallin sabon yaɓe. A gindinsa tururuwa ce zube, da kaji biyu matattu.

"Ina ka samo ƙasar yaɓe?"

"Bakin tabki."

"Ƙasar tabki na warin kalanzir?"

Nafi'u ya kau da kai. Kailu ya taka wurin amalankensa, ya dafa tayar nan mai faci. Nan Safiya, matar gidan, ta shigo ɗaukar zanen goyo, idanu jawur.

"Faɗa mashi, Malam. Jiya nan Muna ta yi rarrafe, na ciro ƙasa daga bakinta."

Nafi'u ya dubi rumbun.

"Bara gara ta cinye min dami talatin," ya ce. "Ɗiyana suka kai damina da kunun dusa. Na lura can wurin tarin ƙasar ba ta zuwa. Na ce bana hatsina zai tsira. Wallahi don su na yi."

Kailu ya buga wa likita waya, ya faɗi irin gubar. Can muryar ta ce, "Yanzu mun san allurar da za mu yi mata."

Madam Husaina ta zo da masu safar hannu, aka kewaye rumbun da igiya. Hatsin bana duka, ba mai ci.

Kailu bai ciro ankwa ba. "Taho. Ta asibiti za mu bi, ka ga ta buɗe ido, sannan mu wuce ofis."

Ke mai goyo, ki ji ni da kyau. Ƙasar da gara ta ƙi, wadda ciyawa ba ta fita a kanta, kar ki bari a shigo miki da ita gida, ko mai gidanki ne ya ɗauko.