Jan Takalmi a Ƙofar Ofis

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara.

Akwai wata yarinya a Makarfi, 'yar aji huɗu. Mamanta tana aiki a wata jami'a, a ofishin sauraron koken ɗalibai. Duk wanda aka zalunta, can yake zuwa ya faɗa a asirce.

Wata rana yarinyar ta kai wa Mama dambu. Ta tarar ƙofa a rufe, ga jan takalmi mai ɗinki a madauri an tuɓe a waje. Ta san shi. Na Yaya Lubna ne, wata ɗalibar jami'ar, 'yar Kudan da ke zaune a maƙwabtansu. Ta jiyo Lubna tana kuka, tana cewa wani malami yana zaginta a aji, har ya rantse sai ya kayar da ita.

Da yamma a wajen niƙa, yarinyar ta raɗa wa ƙawarta.

"Ke kaɗai na faɗa wa, Khairiyya."

Khairiyya ta faɗa wa yayanta, ɗan ajin su Lubna. Kafin Juma'a magana ta kai kunnen malamin. Lubna ta tsorata, ta koma Kudan, saura mako biyu jarrabawa.

Ɗalibai suka daina zuwa ofis don tsoron a tona asirinsu. Mama ta daina cin abinci.

"Lubna ta amince da ni," in ji Mama. "Yanzu tana ganin ni na tona ta."

Yarinyar ta fashe da kuka. "Mama, ni ce. Takalminta na gani."

Mama ta miƙe. Ta ce, "Ɗauko hijabinki."

Suka shiga mota zuwa Kudan. Yarinyar ta durƙusa gaban Lubna.

"Yaya, ki yafe mini. Ba Mama ba ce, bakina ne."

"Ke 'yar ƙanwa, kin kusa raba ni da karatuna," in ji Lubna.

Mama ta ce, "An bincika, an ga gaskiyarki. Wani malami daban zai duba takardarki."

Lubna ta share hawaye, ta yafe. Ta dawo, ta ci jarrabawa.

Yarinyar ta kai kwandon ajiye takalma ofis, aka ajiye shi daga ciki, kowa ya riƙa shiga da takalminsa don kada a gane shi daga waje. Ta gane cewa sirrin wani amana ne, ko da ba kai aka faɗa wa ba.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya, kan ɗan ɓera.