Mai Ƙishirwa a Ƙarƙashin Jif

Rana ta yi ja lokacin da Auta ta ɗauko Baba daga asibiti. Shekararta arba'in da ɗaya, tana da garejin kanta da ma'aikata uku, amma a bakin tsohon nan har gobe Auta ce. Ta zaunar da shi a kujerar gaba ta tsohuwar jif, ta ɗora masa ledar magunguna a cinya, ta jingina sandarsa a gefensa, ta ajiye galan ɗin ruwan sha a tsakanin ƙafafunsa. Likita ya ce ƙodarsa ta gaji, kada a kuskura a bar shi da ƙishirwa ko na awa guda.

Jif ɗin tasa ce tun asali. Shekara talatin ya yi yana jigilar masu fasa dutse da ita kafin idanunsa su mutu. Yanzu ko tafin hannunsa ba ya gani, amma kunnensa da hancinsa ba su yi ritaya ba.

"Kin ɗaure fambel ɗin nan da yawa," in ji shi, tana tayar da injin.

"Haba Baba, ko gaisawa ba ku gama yi da motar ba."

"Ni da ita mun gaisa tun ba a haife ki ba."

An rufe gadar babban titi ana gyara, don haka ta yanke ta tsohuwar hanyar masu fasa dutse, wadda aka daina bi tun da aka rufe wurin aikin. Hanyar ta ratsa tsakanin duwatsu, ta gangara cikin wani busasshen rafi, sannan ta hau tudu ta sauka bayan gari. Tafiyar minti arba'in ce ga mai mota irin tasu.

Suna shiga yashin rafin Baba ya ɗaga hanci.

"Tsaya. Tana ƙonewa."

Auta ta dubi allurar zafi. Ɗazu tana tsakiya. Yanzu ta kwanta a kan ja. Ta kashe injin nan take, ta fito ta ɗaga bonet. Ta jira ƙarfen ya ɗan huce, ta naɗe tsumma a hannu, ta murɗa murfin lagireto a hankali, fuskarta a gefe. Ta zaci tururi zai taso. Ko kaɗan bai taso ba. Ta haska tocila a ciki. Wayam, kamar ba a taɓa zuba masa ruwa ba. Ita kuwa da hannunta ta cika shi da safe.

Ta sauko da jarkar lita ashirin da ba ta rabuwa da ita a bayan mota, ta zuba rabi, har ruwan ya kawo wuya.

"Tiyon sama?" in ji Baba ta taga.

Ta matsa shi da yatsu. "Lafiya lau."

"Famfon ruwa?"

Ta shafa ƙarƙashinsa, ta girgiza fanka. "A bushe yake, ba ya rawa."

"Robar murfi?"

"Sabuwa ce."

"To zaro sandar mai. In gasket ɗin kan inji ya ƙone, za ki ga mai ya yi fari kamar an zuba madara."

Ta zaro ta goge a tsumma. Baƙi ƙirin, yadda ya kamata. Tun da suka taso ba ta ga farin hayaƙi a salansa ba. Bawul ɗin da ke tare ruwa kafin inji ya yi zafi kuwa, Baba da kansa ya cire ya jefar shekara goma da suka wuce, babu abin da zai toshe. Ta durƙusa ta shafa yashin da ke gaban tayoyi. Ko ɗigo babu.

"Mota ba ta cin ruwa, Auta," in ji Baba. "Ko ta zubar, ko ta ƙona. Nemo inda ya bi."

Ta miƙe ta sake leƙa bakin lagireto, sai ta tsaya cak.

Ruwan yana sauka. Inji a kashe, ƙasa a bushe, ruwa yana sauka a gaban idonta.

A lokacin ne ta lura da shirun. Babu gyare. Babu tsuntsayen da ke komawa sheƙa. Inuwar duwatsun ta rufe rafin, sama kawai ta rage da ɗan ja. Wani wari ya taso, ba na ƙonannen roba ba, irin na tsohon tulu da ya shekara a kife.

"Auta," Baba ya rage murya. "Kina jin abin da nake ji?"

Ta kasa kunne.

Maƙwat. Maƙwat. Maƙwat.

Daga ƙarƙashin mota. Ƙarar maƙogwaro mai haɗiya.

Ta ja da baya taku ɗaya. Amma ita mace ce da ta shekara ashirin ana ce mata aikin nan ba nata ba ne, kuma ba ta taɓa rufe bonet ba tare da ta san ciwon mota ba. Ta juye sauran ruwan jarkar duka. Ta tsaya tana ƙirga a zuci. Kafin ta kai talatin, ya ƙare.

Ta ɗauki sifana da tocila.

"Kada ki shiga," in ji Baba.

"Kai ka ce in nemo inda ya bi."

Ta yi bisimilla, ta kwanta rigingine, ta ja jiki ƙarƙashin jif. Yashin yana da sanyi kamar ba a yi rana ba. Ta bi tiyon ƙasa da hasken tocila, daga famfo zuwa gindin lagireto. An kwance maɗaurinsa. Ba tsinkewa ya yi ba, an warware shi tsaf an ja shi baya, kamar aikin gwani.

A mahaɗar kuwa, baki ne.

Leɓɓa biyu, a tsattsage kamar ƙasar tafkin da ya ƙafe, sun rufe mahaɗar ruf. Bayansu rabin fuska ce ta ɓullo daga cikin yashi. Sauran jikin yana ƙasa. Idanun a buɗe suke, yashi a kansu, ba sa ƙiftawa.

Suka juyo gare ta.

Leɓɓan suka saki tiyon.

"Ƙaro."

Muryar kamar ana murza busasshen ganye.

Harshen Auta ya manne a ganda. Da ƙyar ta ɓamɓare shi. "Babu. Ya ƙare."

"Akwai galan a gaba." Fuskar ta ɗan ƙara fitowa, yashi yana zuba daga kunnenta. "Akwai tsohon kuma. Da sauran ruwa a jikinsa."

Ta yunƙura za ta fita. Hannu ya fito daga yashi ya cafke wuyan hannunta na hagu. Ba zafi, ba sanyi. Ji ta yi kawai fatarta tana tsotsewa, kamar an ɗora tsumma a kan jiƙaƙƙen tebur. Ta ɗaga sifana ta maka wa yatsun da duk ƙarfinta. Suka ɓare kamar ɓawon itace. Ta mirgino waje, ta miƙe tana haki.

"Auta." Muryar Baba ta dushe. "Ƙishirwa."

Ta haska fuskarsa. Leɓɓansa da ke lafiya minti biyar da suka wuce sun fara tsagewa. Yana lalubar murfin galan, yatsunsa sun kasa riƙewa. Ta buɗe ta kafa masa a baki. Ya sha, ya sha, amma idanunsa suna ƙara faɗawa.

Daga ƙasa ƙarar ta dawo. Babu ruwa a lagireto, amma ana haɗiya.

Maƙwat.

Baba ya yi nishi.

"Ba shi galan ɗin," ya ce a hankali. "Ki bar ni nan, ki hau tudu da ƙafa. Na ci zamanina."

"Lita ashirin na ba shi, ko sannu bai ce ba. In na ba shi wannan, kai zai bi. In ya gama da kai, ni." Ta share bakinsa da gefen rigarta. "Kuma ban ɗauko ka daga asibiti don in ajiye wa wani a rami ba. Ina sandarka?"

Ta ɗora hannunsa na dama a kan makulli, ta saita bakin sandar a kan totur.

"In na ce tayar, ka tayar, ka danna. Kada ka saki sai na ce."

"Babu ruwa a cikinta. Za ki fasa kan injin."

"Gara in fasa shi da hannuna."

Ta koma gaban mota da galan. Ta kwance tiyon sama daga jikin lagireto, ta ɗaga bakinsa sama. Duk abin da aka zuba ta nan, sai ya ratsa cikin inji kafin ya fita ta tiyon ƙasa.

"Tayar!"

Jif ta yi tari ta kama. Baba ya danna. Ƙarar ta cika rafin, ta bugi duwatsu ta dawo. Auta ta tsaya tana jin ƙarfe yana ɗaukar wuta, warin fenti mai ƙuna yana shiga hancinta. Ta sunkuya ta yi magana da ƙarfi, yadda take yi wa mai taurin kai a gareji.

"Kai na ƙasa! Ka saki motata, ka saki ubana. Na faɗa maka sau ɗaya."

Maƙwat.

"Na faɗa maka sau biyu."

Sandar Baba ta fara rawa a kan totur. Kansa ya langaɓe.

"Sau uku ke nan. Kada ka ce ban gaya maka ba."

"Ƙaro," in ji muryar.

"Ga shi."

Ta tuttula rabin galan cikin tiyon.

Injin ya yi wata ƙara kamar an sari ƙarfe. Tururi ya fashe ta ƙasa, fari fat, ya turnuƙe tayoyi. Sai ihu. Ba daga baki ɗaya ya fito ba. Daga yashin rafin gaba ɗaya ya fito, hagu da dama, gaba da baya.

Ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafafunta.

Ta buga bonet. Ta faɗa kujera da sauran ruwan a hannu. Ta ture sandar, ta ja ƙaramin giya mai sa ƙafa huɗu su ja tare, ta taka.

Tayoyi suka juya a wuri ɗaya.

Yashi yana haɗiye su.

"Kada ki taka da ƙarfi," Baba ya yi raɗa, ido a rufe. "Lallaɓa ta. Baya kaɗan, sannan gaba."

Baya. Gaba. Baya.

Wani abu yana karce cikin motar daga ƙasa, tun daga gaba har baya.

Gaba.

Tayar gaba ta kama dutse. Jif ta yi tsalle ta fita daga rafin.

Tudun bai fi taku ɗari uku ba, amma allura ta wuce ja ta jingina da ƙarshe. Injin yana ƙwanƙwasa. Hayaƙi yana shigowa ta ƙarƙashin sitiyari. Auta ba ta kalli madubi ba. Tana jin yashi yana zubowa a bayansu, yana hawa tudu, abin da yashi ba ya yi.

"Haura, tsohuwa," take cewa ta cikin haƙora. "Haura, kada ki ba ni kunya."

Suna kaiwa ƙololuwa injin ya mutu da kansa.

Ta taka kuloci. Hancin jif ya sunkuya. Nauyinta ya ja ta, ta fara gangarawa shiru, ba inji, sai kukan tayoyi a kan tsakuwa. Can ƙasa fitilun gari sun fara kamawa ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma, daga cikin ciyawar gefen hanya, gyare ya yi kuka.

Ba ta taka birki sosai ba sai a gidan man da ke gindin tudu. Ta kafa wa Baba galan a baki. Ya shanye tas, ya yi ajiyar zuciya.

"Kin fasa mini kan inji," ya ce daga baya.

"Na fasa."

"Madalla da ke."

Kwana uku Baba ya yi ana ƙara masa ruwa a asibiti, ya tashi. Kwana tara Auta ta yi tana sauke injin tana haɗawa. Ma'aikatanta suka ce ta sayar da motar ga masu yanka ƙarfe, ta ce duk wanda ya ƙara faɗa ya nemi wani garejin. Direbobin da ke kawo mata gyara kuwa ta gaya musu ƙiri-ƙiri kada su tsaya a rafin nan, wanda ya yi dariya ta nuna masa hannunta.

Shatin yatsu huɗu ne a wuyan hannunta na hagu, fari-fari, a bushe. Wurin ba ya gumi ko ana tsakiyar zafi. Man shafawa ba ya zama a kansa. Kullum da yamma in ta tashi daga aiki ta zo wanke hannu a famfon gareji, ruwan da ya taɓa shatin ba ya gangarowa. Ɓacewa yake yi. In gareji ya yi shiru, har ƙaramar ƙarar haɗiya takan ji.

Takan bar shi ya sha na tafin hannu ɗaya. Sannan ta rufe famfon, ta ja hannun rigarta ta rufe wurin.

"Ya ishe ka," takan ce. "Ba ƙari."